Golf GTI ta Bakwai: DSG ko Giyar Hannu, Wacce Ta Cancanci Kuɗinka?

Wanda ya fita neman Golf GTI ta bakwai a hannun dillalai zai tarar da ita iri biyu: mai giyar hannu shida, da mai DSG, wato otomatik mai kulochi biyu. Inji ɗaya ne, jiki ɗaya, birki ɗaya. Amma giyabos ɗin ya raba su har suka zama kamar motoci biyu, a tuƙi da kuma a gareji. Hukuncinmu a taƙaice shi ne DSG ta fi sauri kuma ta fi jure ƙarfin inji, giyar hannu kuwa ta fi yafe wa mai ita idan ya yi sakaci ko ya faɗa hannun bakaniken da bai san motar ba. Wacce za ka ɗauka ya danganta da tarihin motar da ke gabanka, da wanda zai riƙa taɓa maka ita, fiye da abin da zuciyarka ta fi so.

Kamfanin Volkswagen ya fitar da wannan GTI a 2013. Injinta lita 2.0 ne mai turbo, dangin EA888 zubi na uku. Ta Turai tana da ƙarfin doki 220, ko 230 idan mai kunshin Performance ce, da ƙarfin murɗa 350 Nm wanda yake samuwa tun daga juyi 1,500 a minti. Bayan gyaran fuskar da aka yi mata a 2017 ƙarfin ya koma 230 da 245. Ta kasuwar Amurka, wadda aka haɗa a Puebla ta ƙasar Meziko, ta fara ne da samfurin 2015 da doki 210, ta kai 228 a 2019. Wannan lamba ta 350 Nm a riƙe ta, domin kusan duk maganar da ke tafe a kanta take juyawa.

Kafin komai a san wane DSG ake magana a kai, don sunan ya ɓaci a bakin mutane saboda laifin wani daban. Akwai DQ200 mai giya bakwai da busasshen kulochi, wanda ake sa wa ƙananan injuna irin su 1.2 da 1.4, iyakarsa 250 Nm. Shi ne aka yi ta kiran motoci a dawo da su dominsa a 2013 a ƙasashe irin su Sin da Ostiraliya, kuma shi ne ya sa dillalai da yawa suke cewa DSG ba ta da lafiya. GTI ba ta amfani da shi. Nata shi ne DQ250 mai giya shida, wanda kulochinsa yake wanka a cikin mai, jikan wanda aka fara sa wa Golf R32 a 2003. Daga baya aka kawo DQ381 mai giya bakwai, shi ma jiƙaƙƙe, a Turai daga 2017 a kan mai doki 245, a Amurka kuma daga samfurin 2019. Idan mai sayarwa bai san wanne ne a motarsa ba, sa giya a gefen da ake canzawa da hannu, ka hau titi ka ƙirga. Shida DQ250 ne, bakwai DQ381.

A cikinsa DSG ba irin otomatik ɗin Camry ko Accord ba ne. Babu tok-konbata, wato na'urar da ke haɗa inji da giya ta hanyar mai a otomatik na gargajiya. Giyabos biyu ne na hannu aka cusa a gida ɗaya, kowanne da kulochinsa. A DQ250 kulochi na farko yana riƙe da giya ta 1, 3, 5 da ribas, na biyu yana riƙe da 2, 4, 6. Kana tafiya a giya ta uku, ɗaya ɓangaren ya riga ya shigar da ta huɗu yana jira. Lokacin canji, ɗaya kulochin yana saki ɗaya yana kamawa a tare, shi ya sa ƙarfi ba ya yankewa. Mai ba da umarnin duk wannan shi ne mekatronik, akwati guda da ya haɗa kwamfutar giya da bawuloli da na'urorin auna gudu da zafi, yana zaune a cikin man giyar kansa. Mai ɗaya ne yake sanyaya kulochi, yake shafa haƙoran giya, yake kuma tura bawuloli. Wannan shi ne sirrin ƙarfinsa, shi ne kuma inda ake kashe shi.

A buɗaɗɗen titi babu gardama. Ka taka totur ƙasa don wuce tirela, DSG zai sauko daga shida zuwa uku kafin ka gama yanke shawara, turbo ba ya sauke iska tsakanin giya da giya, motar tana ja kamar an ɗaure ta da igiya ɗaya miƙaƙƙiya. A kwana hannayenka biyu suna kan sitiyari, kana canzawa da 'yan maɓallan da ke bayansa, kuma idan ka sauko giya kwamfuta ce take ɗaga juyin inji ya dace, ba fizga. A takardar kamfani, mai doki 220 tana kai kilomita 100 a daƙiƙa 6.5 ko da wace giya. Sai dai mai giyar hannu sai gwanin direba ne yake samun wannan lamba, shi ma ba kullum ba, alhali mai DSG kowa zai same ta sau goma a jere. Abin da DSG ya biya a madadin haka kaɗan ne: nauyin kusan kilo 20, iyakar gudu 244 maimakon 246, da shan mai lita 6.4 a kilomita 100 maimakon 6.0 a gwajin Turai na wancan lokaci. Famfon da ke tura man giya inji ne yake juya shi ba tsayawa, nan ne ɗan ƙarin man yake tafiya.

Inda DSG yake nuna halinsa shi ne cikin gari. A D yana gaggawar hawa giya don tsimin mai, har ka same shi a ta biyar kana tafiyar kilomita 50, inji yana gurnani ƙasa-ƙasa. A S kuma, wato yanayin gudu, yana riƙe giya fiye da kima. Babu tsaka-tsaki mai daɗi. Sannan akwai jinkirin da kowane mai ita ya sani: kana rage gudu za ka shiga shataletale, kwamfuta ta ɗauka tsayawa za ka yi ta shirya giyar ƙasa, sai ka ga sarari ka taka. Rabin daƙiƙa ba komai, sannan motar ta zabura. Wannan ba lalacewa ba ce, hasashen kwamfuta ne ya kuskure, kuma maganinsa ka sauko giya da kanka kafin ka shiga. Ko a yanayin hannu ma ba ya sakar maka ragama gaba ɗaya. Idan allura ta kai ja zai hau giya da kansa, idan ka danne totur har ƙarshe zai sauko da kansa.

Gosulo kuwa shi ne babban abokin gabarsa. Tun da kulochi ne na gaske a ciki, duk lokacin da kake jan jiki ƙasa da gudun giya ta ɗaya, ƙafa rabi a kan birki, kulochin yana zamewa ne yana haifar da zafi, daidai da direban da ya ɗora ƙafa rabi a kan kulochi. Yadda ake tuƙa shi: ka taka birki sosai idan ka tsaya domin kwamfuta ta saki kulochi, ka bar ta gabanka ta ba da tazara, sannan ka saki birki gaba ɗaya ka tafi. Kada ka riƙe mota a kan tudu da totur. Ta Turai tana da birkin hannu na lantarki mai riƙe mota da kansa, ta Amurka tana da hambirkin ja na gargajiya, ka yi amfani da wanda kake da shi. Kuma kada a sa ribas ko D sai motar ta tsaya cak.

Giyar hannun, wadda ake kira MQ350 ko 02Q, tana da sauƙin sarrafawa. Sandar tana tafiya da waya biyu, ba ta da nauyi, kulochin ma mai laushi ne har wasu suna ganin ya yi laushi da yawa ga mota irin wannan. Da yake injin yana da ƙarfi tun daga ƙasa, giya ta uku kaɗai tana ɗaukar ka daga tafiyar unguwa zuwa gudun babban titi. Abin da take bayarwa wanda DSG ba zai iya ba shi ne iko cikakke: giyar da ka sa ita ce a ciki har sai ka cire ta. A hanya mai kwana-kwana wannan daɗi ne na gaske, kuma ba ma raina wanda ya zaɓe ta saboda shi kaɗai. Sai dai ba ta ɗaga juyin inji da kanta idan za ka sauko, aikin ƙafarka ne. Akwai kuma wani ɗan bawul a layin man kulochi da kamfani ya sa don rage saurin kamawa. Yana kare giya daga fizga, amma yana sa canji daga ta ɗaya zuwa ta biyu ya zama da wuyar yi sumul idan ana sauri. Masu motar da yawa suna cire shi.

Raunin giyar hannu ba a haƙoranta yake ba, a kulochi yake. Faifan da kamfani ya sa an auna shi ne daidai ƙarfin injin yadda ya fito, ba a bar masa rara mai yawa ba. Wannan inji kuwa da manhaja kawai, ba a kwance ko ƙusa ɗaya ba, yana haura 400 Nm cikin sauƙi. Da zarar an yi haka kulochin asali ya shiga layin mutuwa, wani cikin watanni, wani cikin makonni. Motocin da ake shigowa da su na hannu da yawa an taɓa yi musu wannan ƙari a can, an mayar da manhajar asali kafin sayarwa, kulochin kuma ya riga ya sha wuya. DQ250 shi ma a takarda 350 Nm aka rubuta masa, amma da yake matsin mai ne yake danne faifansa, ana iya ƙara matsin ta manhajar giya, sai ya riƙe abin da ya fi haka nesa ba tare da an buɗe shi ba. Saboda haka duk mai niyyar ƙara wa injin ƙarfi, DSG ce tasa, ko kuma ya sa kuɗin sabon kulochi mai ƙarfi a lissafinsa tun ranar saye.

Gwajin zamewar kulochi ba ya buƙatar na'ura. Bari inji ya yi zafi, ka hau titi miƙaƙƙe, ka sa giya ta biyar ko ta shida a juyi kusan 2,000, ka taka totur ƙasa. A nan ne ƙarfin murɗa yake kaiwa ƙololuwa. Idan allurar juyi ta yi tsalle sama gudun mota bai bi ta ba, sannan ta dawo, kulochi ya tafi. Gwada shi a giya ta ɗaya ko ta biyu ba ya nuna komai. Idan aka zo canji, kada a canza faifai kaɗai. Sai an sauke giyabos gaba ɗaya, don haka a haɗa da farantin matsi, da silindar da ke tura kulochi wadda a wannan giya tana cikin ƙoƙon giyar ne tare da boris ɗinta, da sababbin ƙusoshin fulayiwil domin na ɗauri ɗaya ne. Fulayiwil ɗin kansa mai ɓari biyu ne da sifirin a tsakani. A kama shi a juya da hannu: idan wasansa ya yi yawa, ko maiko yana fita, ko fuskarsa ta yi shuɗi saboda zafi, a canza shi. Wanda ya bar tsohon fulayiwil don tsimi zai sake biyan kuɗin sauke giya.

Akwai matsala ɗaya mai tsanani da ta fi shafar masu giyar hannu, musamman na shekarun farko. A cikin inji akwai wasu siraran faifai masu hana karanshaf motsi gaba da baya. Duk taka kulochi yana tura karanshaf a kansu, kuma motar ba ta tashi sai an taka kulochi, wato lokacin da mai bai riga ya hau ba. A wasu motoci faifan suna cinyewa su faɗo, karanshaf ya fara cin jikin inji, daga nan sai sabon inji. Farantin matsi mai tauri irin na ƙari yana ƙara wannan nauyi. Ba kowace mota take yi ba, amma dubawa ba ta da wuya: inji a kashe, wani ya taka kulochi ya saki, kai kuma kana kallon fulin karanshaf, ko a ɗan tura shi da ƙarfe a hankali. Wasan da aka yarda da shi bai kai rabin milimita ba, ido ba ya ganinsa. Idan ka ga fuli yana shiga yana fita, ka bar motar nan ko nawa aka rage maka. Alamarsa a tuƙi ita ce kulochi ya riƙa maƙalewa a ƙasa ko inji ya mutu idan an taka shi, musamman a kwana.

Haɗari na ƙarshe a giyar hannu na direba ne. Kana gudu a ƙarshen giya ta uku, ka nufi ta huɗu hannu ya kauce ya shiga ta biyu, ka saki kulochi. Tayoyi za su juya injin fiye da iyakarsa, kuma babu kwamfutar da za ta hana, domin ƙarfe ne yake jan ƙarfe. Bawuloli su lanƙwashe. DSG ba ya karɓar irin wannan umarni ko ka ba shi.

Yanzu ga abin da yake raba DSG mai rai da matacce, wato mai. Ƙa'idar DQ250 ita ce canjin mai da filta duk kilomita 60,000, mil 40,000 ke nan a agogon motar Amurka. Faifan kulochi suna zubar da gari a cikin man, garin yana bin mai zuwa bawulolin mekatronik masu ƙananan ƙofofi, ya toshe su ko ya cinye su. Wanda ya tsallake canji biyu ya riga ya fara biyan kuɗin mekatronik bai sani ba. Man da ake sawa shi ne mai lamba G 052 182, ko na wani kamfani da ya rubuta wannan lamba a jikin galan. Giyar tana ɗaukar kusan lita 7 idan busasshiya ce, amma a canji kusan 5 ne suke fita, don haka a sayi lita 6.

Aikin kansa yana da tsari, kuma ba a auna shi da sanda domin babu sandar awo. A ɗaga mota ta daidaita sosai, ba gaba sama baya ƙasa ba. A cire akwatin filtar iska, galibi har da batir da mazauninsa, don a kai ga murfin filtar giya da ke sama, wanda soket 24 yake buɗewa. A sa sabuwar filta da sabon zoben roba, a ɗaure da 20 Nm, murfin roba ne yana fashewa. A ƙasa a buɗe ƙusar zubarwa da alanki 14. Mai kaɗan zai fito ya tsaya, domin a cikin ramin akwai wani bututun roba da yake tsaye, shi ne ma'aunin. A kwance shi da alanki 8, sauran man ya zubo. A mayar da bututun da ɗauri mai sauƙi ƙwarai, 3 Nm, kusan ƙarfin yatsu. Sannan a ɗaura abin ɗura mai a ramin a tura lita biyar da rabi daga ƙasa zuwa sama. A tayar da inji, ƙafa a kan birki, a bi da sandar giya kowane matsayi ana tsayawa daƙiƙa uku, a dawo P. A haɗa kwamfutar duba mota a karanta zafin man giya. Idan ya kai tsakanin digiri 35 da 45, inji yana aiki, a cire abin ɗurawa a bar rarar ta zubo ta saman bututun har ta koma ɗigo. A sa ƙusa da sabuwar washa, 45 Nm.

Wurin da ake kuskure shi ne zafin. Mai yana kumbura idan ya yi zafi. Idan aka auna shi yana digiri 70, da yawa zai zubo, giyar ta zauna da ƙarancin mai. A garuruwan da zafin rana kansa yake haura digiri 40 a watan Afrilu, motar da aka tuƙo zuwa gareji ba za ta sauko cikin wannan tazara da wuri ba. A kwana da ita a garejin, a yi aikin da sassafe. Bakaniken da ya ce zai auna da tafin hannu, a gode masa a tafi.

Kuskure mafi muni shi ne jan man otomatik na gama-gari, irin wanda ake zuba wa Toyota da Honda. Yana da arha, yana ko'ina, kuma mai sayarwa zai rantse maka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Santsinsa ba na wannan kulochi ba ne, sai motar ta fara karkarwa wajen tashi, faifai su ƙone a hankali. Man DSG sabo ruwan zuma ne, ba ja ba. Idan aka buɗe giyar motar da kake son saye aka ga jan mai, an riga an yi ɓarnar. DQ381 kuma nasa man daban ne, G 055 529, ba a musanya su. Kamfani ya ba shi tazara mai tsawo, har kilomita 120,000 a wasu kasuwanni, amma a ƙasa mai zafi da ƙura da cunkoso shawararmu a tsaya a 60,000 shi ma.

Abin da mutane ba sa haɗawa da giya shi ne ruwan inji. Man DSG ruwan lagireto ne yake sanyaya shi ta wani ɗan akwati da ke saman giyar. Wannan inji kuma sananne ne da yoyon gidan famfon ruwa da tamostat, wanda na roba ne. Ruwa ya ragu, inji ya ɗau zafi, man giya ya bi shi. Cire tamostat da zuba ruwan rijiya, waɗanda aka saba yi wa tsofaffin motoci, a nan suna cutar inji da giya a tare. Mai giyar hannu ma zai gamu da yoyon famfon, amma giyarsa ba ruwanta.

Mekatronik idan ya fara gazawa yana faɗa. Bugu idan an sa D ko R, jinkirin daƙiƙa biyu ko uku kafin ribas ya kama, fizga daga ta biyu zuwa ta ɗaya idan ana tsayawa, harafin giya yana ƙyaftawa a dashbod, ko motar ta koma tafiya da rabin giyoyinta kawai saboda kwamfuta ta kashe ɓangare ɗaya don kare shi. Kafin a yanke masa hukunci a duba batir, domin raunin wuta yana jawo lambobin kuskure na ƙarya, a duba yawan mai, a sake yi wa kulochi daidaitawa da kwamfuta. Sau da yawa a nan matsalar take ƙarewa. Idan kuwa sai an canza shi, na wata motar ba ya shiga haka kawai, sai lambarsa ta dace kuma an daidaita manhajarsa da motar. Ƙarar kaca-kaca a tsaye wadda take ɓacewa idan an ɗan taka totur yawanci fulayiwil ne, domin DSG ma yana da mai ɓari biyu, kada a bari a sayar maka da mekatronik a kanta.

Mai tafiye-tafiye tsakanin garuruwa ya san wannan: DSG ba ya tashi da turi. Idan batir ya mutu sai waya daga wata motar ko wani batir. Idan ta lalace a hanya, jan ta da igiya tayoyin gaba a ƙasa yana da iyaka, kada a wuce gudun kilomita 50, kada a wuce nisan kilomita 50, saboda famfon mai ba ya juyawa idan inji a kashe yake, giyar tana tafiya a bushe. Abin da ya fi shi ne a ɗora ta a kan janwe. Mai giyar hannu ya fi samun sauƙi a nan, kuma kusan kowane gari akwai wanda ya taɓa sauke giyar Golf ya canza kulochi.

Kamfanin da kansa bai tsaya gefe ɗaya ba a kan wannan mota. GTI ta musamman mai suna Clubsport S ta 2016, mai doki 310, wadda aka ƙera guda 400 kacal kuma ta zagaye filin tseren Nürburgring na Jamus a minti 7 da daƙiƙa 49, giyar hannu kaɗai aka yi ta, don rage nauyi. GTI TCR ta 2019 mai doki 290 kuma DSG kaɗai. Porsche ma ta fitar da 911 GT3 a 2013 ba giyar hannu, masu saye suka yi ta ƙorafi, ta dawo da ita a 2017 duk da cewa mai PDK, wato irin DSG na Porsche, ta fi sauri. Amma a GTI ƙofar ta rufe: samfurin 2024 shi ne na ƙarshe da giyar hannu. Wannan yana nufin ta bakwai mai giyar hannu da ba a taɓa wa inji ba za ta riƙa wuyar samu, kuma mai irinta ba zai rasa mai saye ba.

To wa ya kamata ya ɗauki wacce? Idan kana zaune a babban gari inda akwai gareji mai kwamfutar Volkswagen irin VCDS ko ODIS, ana samun man asali, motar kuma ta zo da shaidar canjin man giya, ɗauki DSG ba tare da fargaba ba. Ita ce ta fi dacewa da halin wannan inji, kuma ita ce za ta jure idan ka ƙara masa ƙarfi. Idan motar gwanjo ce daga Amurka ba takarda ko ɗaya, ta haura kilomita 150,000, kai kuma garejin da ka dogara da shi bai taɓa buɗe DSG ba, giyar hannu ta fi maka kwanciyar hankali. Mafi munin abin da za ta nema shi ne kulochi da fulayiwil, kuɗin da ka san iyakarsa, matuƙar ka duba karanshaf kafin ka biya. DSG marar tarihi kuwa ba ka san ko mai kawai yake so ko mekatronik da kulochi gaba ɗaya ba.

Ranar dubawa ka je da sassafe ka tarar da motar a sanye, kada ka yarda a ɗumama maka ita kafin ka iso. A mai DSG, saki birki a D ba totur, ta tafi sumul ba karkarwa, ka yi haka a ribas, ka maimaita a kan ɗan tudu. Ka tuƙa ta aƙalla minti 20 har da cunkoso, domin yawancin laifin mekatronik sai mai ya yi zafi yake fitowa. A karanta kwamfutar giya daban, ba ta inji kaɗai ba, kuma idan ka ga an goge komai kwanan nan ka tambayi dalili. A mai giyar hannu, bayan gwajin giya ta shida da duba fuli, ka shiga ta biyu da sauri tun giyar tana sanye ka ji ko tana gurzawa, ka saurari ƙara idan ka kashe inji, alamar fulayiwil ce.

Ko wacce ka saya, makon farko na gareji ne. Mai DSG ya canza mai da filta nan take ko da mai sayarwa ya ce jiya aka yi, ya sa a yi daidaitawar kulochi. Mai giyar hannu ya canza man birki DOT 4 ya kuma fitar da iskar layin kulochi, domin tulu ɗaya suke sha kuma yawanci ana mantawa da ɓangaren kulochin. Man giyar hannun ma, duk da kamfani bai sa masa wa'adi ba, lita biyu da 'yan kai ne kawai, a canza shi. Idan motar mai kunshin Performance ce, tana da na'urar VAQ mai raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba, wadda take da nata man daban da ake canzawa duk shekara uku, ko da wace giya motar take.